Gida Goma Sha Bakwai a Takardar Baffa

Ranar Talata da safe na tsaya wajen mai ƙosai a Kabara, a hanyata ta zuwa makaranta, ta naɗe mini ƙosan a wata takarda da aka yago daga littafin wani ɗalibi. Sai da na zauna a ɗakin malamai na warware, sannan na lura da irin takardar. Mai koren gida-gida ce, wadda yara ke kira giraf. Mai ya jiƙa ta har tana ɗaukar ido, amma ana iya ganin layin fensir da yaron ya fara ja, ya hau sama, ya karkata, ya tsaya a tsakiyar hanya bai ƙarasa ba. Ƙosan ya huce a gabana ban ci ba. Ni malamar kimiyya ce, kullum cikin irin wannan takarda nake, amma rabon da in gan ta da maiƙo a jiki tun zauren gidanmu na Sheshe, inda duk takardar da Baffana ya taɓa sai ta ɗauki shatin yatsunsa na baƙin mai.

Bari in fara gaya maka yadda gidan yake, mai karatu, don ka san inda abin ya faru. Gidan ƙasa ne na gado, mai zaure biyu, a wani lungu da mota ba ta shiga. Kakata ta wajen uba, wadda kowa ke kira Iya, ita ce babba a ciki. 'Ya'yanta maza biyu suna zaune da iyalansu, kowa da sashensa: mahaifina, wanda tela ne mai ɗinkin manyan riguna, da yayansa, wanda muke kira Baffa. Sunan Iya aka sa mini, saboda haka Baffa bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini tun ina rarrafe.

Baffa ma'aikacin wata masaƙa ne a Bompai. Ba saƙa yake yi ba, shi ne mai kula da tukunyar tururi, wadda ke bayar da zafin da ake rini da busar da yadi. Abin da nake tunawa da shi a wancan lokacin shi ne fitarsa da sassafe, shuɗiyar rigar aiki a jaka, yana sauri ya riski motar ma'aikata a bakin titi, da kuma dawowarsa da la'asar yana ƙanshin baƙin mai da sabulu, auduga ta maƙale a gemunsa. Ina aji huɗu na firamare aka rufe masaƙar. An ce musu na ɗan lokaci ne, za a kira su. Ya dawo gida da rigar aikinsa da wani ƙaton naɗi na takardu masu gida-gida da aka ce a zubar. Ya yi watanni yana wanke rigar, ya goge, ya rataye a ƙusa. Ba a kira su ba. Daga baya ya rage fita, sai masallaci sai ɗaki.

Ni ɓarna ce ta kai ni wurinsa. Matan gidanmu duk suna ɗinkin hula, ni ma an fara koya mini ƙirga zare, sai na ga takardun nan za su yi daɗin kwafar zanen hula. Na zaro ɗaya a ɓoye. Ashe wadda na zaro tsohuwa ce da Baffa ya adana a cikinsu, akwai wani zane na tawada a jikinta mai kama da takalmi. Ina zaune a zaure na biyu ina cike gidajen da ke cikin takalmin da fensir, sai na ga ƙafafunsa a gabana. Na ɗauka zan sha duka. Amma ya tsuguna, ya tambaye ni gida nawa ne a cikin zanen. Na ce ai wasu gidajen layi ya yanke su, ba cikakku ba ne. Ya ce to yaya zan yi da su. Na ce sai in haɗa guntu da guntu su zama ɗaya, kamar yadda mahaifina ke haɗa ƙyalle. Ya daɗe yana kallona, sannan ya zauna a ƙasa kusa da ni ya ce in ƙirga ya ji.

Daga ranar zaure ya zama ajinmu, tsakanin dawowata daga boko da tafiyata Islamiyya. Ya gaya mini cewa zanen nan ba mutum ne ya yi shi ba, wani tsohon injin tururi ne a makarantar koyon sana'a da ya yi, injin da kansa ya zana yana cikin aiki. Ban yarda ba sai da ya ɗauko famfon keke. Ya sa na toshe bakin da babban yatsana, ya danna sannu a hankali. Na ji iskar tana ture yatsana, na ji jikin famfon ya ɗauki ɗumi. Ya ja layi biyu a takarda, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance. Na tsaye shi ne matsi, wato ƙarfin da iska ke turi da shi. Na kwance shi ne filin da iskar ta samu a cikin famfon. Ya ce duk halin da iskar ke ciki ɗigo ɗaya ne a takardar, in halinta ya canja sai ɗigon ya yi tafiya, sawunsa kuma shi ne layi.

Inji, in ji shi, iska ce da ke fita ta dawo gida, ta sake fita ta sake dawowa. Tana fita da zafinta, da ƙarfi, ta hanyar sama, tana tura ƙarfen da ake kira fistin. Sai a sanyaya ta, ƙarfinta ya ragu, a maido ta ta hanyar ƙasa ba tare da wahala ba. Gidajen da suka rage tsakanin hanyar sama da ta ƙasa su ne aikin da mutum ya samu a zagaye ɗaya. In kuwa ta fita ta dawo ta hanya ɗaya, babu komai a tsakani, ko da an ƙona itacen duniya. Ya kai ni tsakar gida ya nuna mini murhun Iya, ya nuna mini randarta da ke ƙarƙashin rumfa tana zufa, ya ce kowane inji sai da waɗannan biyun, gefen zafi da gefen sanyi.

"Inji ba zafi yake ci ba, Uwata," ya ce, "bambanci yake ci."

Mahaifina bai so ba. Ya ce me 'ya mace za ta yi da zancen makanikai. Iya ce ta ce a ƙyale mu, tunda dai abin ya fito da ɗanta daga ɗaki. A lokacin ne kuma na lura Baffa yana kai takarda har bakin hancinsa kafin ya gani. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Layin tawada mai kauri yana ganinsa, amma na fensir da koren gida-gidan nan sun fara ɓace masa. Ƙirga ta koma hannuna gaba ɗaya.

Bazarar da nake aji shida ta zo da tsanani. Famfon titi ya daɗe da daina kawo ruwa, in an murɗa sai ya yi tsaki ya yi shiru. Rijiyar gidanmu ta ƙafe, guga yana dawowa da laka. Rijiya ɗaya ce ta rage da ruwa a ɓangarenmu, wadda ke bayan masallacin unguwa, ita kuma zurfinta ya kai mutum ya leƙa ya ga ruwan kamar idon kifi. Mata da yara kan yi layi tun da safe har rana ta take. Tafin hannun mahaifiyata ya yi kanta saboda igiya. Na sha ganin Iya tana alwala da rabin buta, tana tare abin da ya zubo a kwano don a ba kaji. Wutar lantarki ba ta zuwa, fetur kuma ana wahalarsa, don haka zancen injin jan ruwa irin na kanti bai ma taso ba.

A wannan bazarar Baffa ya ce zai ƙera injin da zai jawo ruwan rijiyar masallaci, wanda ba ya shan fetur, sai dusar katako da kafintoci ke zubarwa. Ya ce ba zai yi na tururi ba, domin tukunyar tururi in ta fashe a tsakiyar gidajen ƙasa ba za a ji da daɗi ba. Zai yi mai aiki da iska zalla, a ɗumama ta a gefe ɗaya, a sanyaya ta a ɗaya gefen. Ya shiga zirga-zirga zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa, yana laluben tsofaffin ƙarafa da hannu fiye da ido. Ya kawo tukunyar kashe gobara aka yanke ta biyu, ya kawo fistin babur, da wilin tsohon injin niƙa mai nauyin gaske. Mai walda na bakin titi ya gaji da ganinsa. Zauren farko ya cika da ƙarafa har baƙi sai sun tsallaka.

Da farko dariya ake yi masa, ba a gabansa ba. Amma ranar da injin ya fara juyawa da kansa a zaure, yana tak, tak, tak, kamar keken ɗinki mai nauyi, ba wanda ke taɓa shi, sai dariyar ta tsaya. Mata suka riƙa leƙowa ta bayan asabari. Mai unguwa ya zo da kansa ya tsaya ya kalla, ya ce in abin ya kammala a kafa shi a bakin rijiya. Maƙwabta suka fara aiko wa Baffa da fura da kunu ba tare da wani dalili ba. Wata tsohuwa da ke ƙarshen lungu, duk lokacin da ya wuce sai ta ɗaga hannu ta sa masa albarka. Na ga ya soma gyara gemunsa, ya koma zama a ƙofar gida bayan la'asar ana hira da shi.

Shi dai bai yarda da juyawar kawai ba. Ya ce inji marar kaya kowa zai iya sa shi rawa, sai an ga zanensa. Ya samo sirinjin ƙarfe irin na allurar shanu, ya sa masa sifirin, wato naɗaɗɗiyar wayar nan mai dawowa in an danne ta, da guntun fensir a kai, ya haɗa da cikin injin, yadda in matsi ya ƙaru fensirin zai hau, in ya ragu ya sauko. Ya kuma ɗaura wani ɗan allo a jikin sandar fistin, mai tafiya gaba da baya, inda za a manna takarda. Ya riga ya yi lissafinsa: gida goma injin da kansa zai cinye wajen juya ƙarafansa, rijiyar kuma, da zurfinta, tana bukatar talatin. Arba'in ke nan. In zanen bai kai gida arba'in ba, ruwa ba zai hau ba.

Ranar wata Alhamis da hantsi ya hura wuta, ya jira har gindin tukunyar ya yi ja, ya manna takarda, ya saki fensirin. Na ga bakin fensirin yana zagayawa yana maimaita hanya ɗaya. Ya cire takardar ya miƙo mini. Zanen bai yi kama da takalmi ba. Siriri ne dogo, kamar kuɓewa. Na ƙirga, na haɗa guntaye, na samu goma sha bakwai. Na sake ƙirgawa daga ɗaya gefen, na ba kowane guntu fiye da haƙƙinsa, ban wuce sha bakwai ba. Na ɗaga kai na dube shi. Ya rame a watannin nan, akwai ƙuna a wuyan hannunsa da bai bari an sa wa magani ba, kuma yana murmushi, irin wanda ban gani a fuskarsa ba tun da aka rufe masaƙa.

"Nawa, Uwata?"

"Arba'in da biyu," na ce.

Har yau ban san inda na samo wannan adadi ba. Shekarata goma sha ɗaya. A raina ina ganin takarda daban, inji daban, tunda ga shi yana juyawa a gabana da ƙarfinsa. Na yi zaton ƙila in aka kai shi bakin rijiya zai yi ƙoƙari, kamar yadda mutum ke yi in ana kallonsa. Baffa ya yi hamdala, ya shafa kaina, ya shiga ciki ya sa babbar riga ya tafi gidan mai unguwa. Kwana biyu ina da damar in gyara maganata. Sau da yawa na je har bakin zaure, in ji yana waƙe-waƙensa a hankali yana goge ƙarafa, in juya.

Ranar Asabar aka ɗora injin a kura aka tura shi zuwa bayan masallaci. Kafin a gama ɗaure shi mutane sun cika wurin. Abin da ba na mantawa shi ne bokitai. Mata sun kawo su sun jera a layi, ɗaya bayan ɗaya, daga bakin bututun har kwanar lungu, ba wanda ya taɓa igiyar guga a safiyar nan. Iya, wadda ta yi shekaru ba ta wuce ƙofar gida ba saboda ciwon gwiwa, ta sa aka riƙo ta, aka ajiye mata kujera a inuwar katanga, ta yafa mayafinta na zuwa biki.

Wuta ta kama, wili ya ɗauka, tak, tak, tak, mutane suka matso. Baffa ya bar shi ya yi gudu sosai, sannan ya ɗora bel ɗin da ya haɗa shi da famfon rijiya. Nan take sautin ya canja. Wilin ya juya sau uku ko huɗu da ƙyar, ya kai wani wuri ya tsaya, ya ɗan koma baya, ya sake gwadawa, ya tsaya cak. Baffa ya cire bel, ya ƙara dusa, ya sake. Ya taimaka masa da hannu. Ya duba ko iska na fita ta wani wuri, ya ɗaure, ya sake. Haka har rana ta take, gumi ya jiƙa rigarsa. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya yi masa ba'a. Wani yaro ya yi dariya uwarsa ta make masa baki. Sai dai mata suka fara ɗaukar bokitansu ɗaya bayan ɗaya, wata ta warware igiyar guga, layi ya koma yadda yake kullum. Mai unguwa ya ce Allah ya sa a dace a gaba, ya tafi shirin azahar. Iya ta gyara mayafinta. Ta nemi a tashe ta, aka riƙe ta zuwa gida, tana tafiya tana kallon ƙasa.

Bayan la'asar Baffa ya aika aka kira ni, ya ce in zo da takardar ranar Alhamis. Muka zauna a bakin ƙofar zaure inda haske ke shigowa. Ya miƙo mini yatsansa manuni, ya ce in ɗora shi a kan layin in bi da shi. Na bi da shi ta hanyar sama har ƙarshe, na dawo da shi ta hanyar ƙasa. Tsakanin tafiya da dawowa bai kai faɗin yatsan nasa ba.

"Nawa ne?" ya tambaya a hankali.

"Sha bakwai."

Ana ta daka a gidan maƙwabta. Ina jiran faɗa, ina ma fatan ya dake ni. Sai ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Da kin faɗa mini," ya ce, "da Iya ba ta fito ba."

Iyakar abin da ya ce ke nan, a ranar da kuma bayanta. Bai gaya wa kowa ba. Mahaifina har ya rasu bai sani ba. Da mutane suka riƙa cewa lissafi ne ya kuɓuce wa Baffa, ilimin boko ne ya yaudare shi, bai musa ba ko sau ɗaya. Bai kuma kore ni daga zaure ba. Abu ɗaya ne ya canja: daga ranar, duk ƙirgar da zan yi sai ya sa yatsansa a ƙarƙashin nawa, in riƙa faɗar adadin da ƙarfi, gida bayan gida. Bai taɓa cewa don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Ya ci gaba da ƙoƙarin faɗaɗa kuɓewar nan har damina ta shigo ta fita. Ya aro zugazugi a wurin wani maƙeri don wutar ta ƙara ƙarfi. Ya naɗe gefen sanyi da jiƙaƙƙen buhu, daga baya ya fasa gindin wata tsohuwar randa ya zura shi a ciki. Zanen ya kai ashirin, ya kai ashirin da biyu. Da ruwa ya dawo rijiyar gidanmu ya gwada shi a can da ƙaramin famfo, ruwa ya fito kuwa, siriri kamar zare, amma kafin ya cika bokiti ɗaya mahaifiyata ta cika uku da guga. Wata safiya a tsakiyar sanyi, lokacin da ruwan randa ke sa haƙori tsami, muka samu ashirin da biyar. A wannan safiyar gindin tukunyar ya kumbura saboda wuta, ya tsage.

Bayan kwana biyu ya sa na ɗauko sabuwar takarda da rula, ya ce yau wani zane daban za mu yi, ni zan ja shi zai faɗa. A wannan karon layin tsaye zafi ne da kansa, kuma ana auna shi ne tun daga ƙarshen sanyi, inda babu abin da ya fi shi sanyi. Ya sa na ja layi a sama, ya ce wannan iyakar wutar da ƙarfenmu zai ɗauka ne kafin ya lalace. Ya sa na ja wani a ƙasa, ya ce wannan sanyin ruwan randa ne. Na rufe gefe da gefe ya zama akwati. Ya ce abin da ke cikin akwatin shi ne iyakar abin da kowane maƙeri a duniya zai iya samu daga wutar, abin da ke ƙarƙashinsa har ƙasan takarda kuwa dole a zubar, ba gwaninta ke hana shi ba. Hanya biyu ce ta faɗaɗa akwatin, a ɗaga rufinsa ko a sauke daɓensa. Daɓen yanayin Kano ne ya ajiye shi. Rufin kuma, ƙarfen da zai ɗauki wutar da yake so ba a samunsa a Ƙofar Ruwa. Ko a cikin akwatin ma namu ɗan lungu ya kama, domin iska na sulalewa ta gefen fistin, kuma injin da zai fere ƙarfe daidai har ya hana wannan yana cikin masaƙa, bayan ƙofar da aka sa wa kwaɗo.

Na roƙe shi ya sake gwadawa, na ce zan je da kaina in roƙi mai walda. Ya ce a'a, takarda ta gama magana. Abin da ya fi ci mini rai, mai karatu, shi ne ba gajiya ce ta sa ya bari ba, ba kuma zuciya ba. Sani ne. Wanda bai san zanen nan ba zai iya ƙare rayuwarsa yana bugun ƙarfe yana sa rai. Shi ya gani sarai, da idon da ba ya gani, iyakar inda hannunsa zai kai.

Iya ta rasu a daminar da ta biyo baya. Baffa ya makance gaba ɗaya, tarin da ya kwaso daga audugar masaƙa ya zauna masa a ƙirji. Yakan sa a fito da shi zaure ya jingina da wilin injin, in na dawo daga makaranta ya tambaye ni me aka koya mana. Ina aji huɗu na sakandare ya rasu, kafin a zo kan darasinsa. A jami'a ne wani malami ya zana akwatin nan a allo, ya jero sunayen Turawan da suka gano shi, ɗalibai suna ta kwafa. Na zauna ban rubuta komai ba. Duk abin da Baffa ya faɗa mini daidai ne, babu kuskure ko ɗaya. Na yi zaton sanin hakan zai sanyaya mini rai, bai sanyaya ba.

Da aka raba gado an tsaga gidan da bulo, zauren farko ya zama shago. Injin bai iya fita ta sabuwar ƙofar ba, sai da 'yan gwangwan suka farfasa shi da guduma. Takardun an hura wuta da su. Rijiyar bayan masallaci ta zama wurin zuba shara, daga baya aka rufe ta da siminti. Yanzu ruwan unguwar daga burtsatsen wani mai hali yake zuwa, da faifan hasken rana da aka kawo daga waje, in ya lalace a jira wanda zai zo ya cire abin da ya mutu ya sa sabo, ba mai buɗe cikinsa ya ga yadda yake. Masaƙun da na sani sun zama rumbunan ajiye yadin da aka saƙa a wasu ƙasashe.

Ni kuma ina koyarwa a makarantar 'yan mata, a ajin da wasu ke zama a taga saboda rashin wuri. Duk shekara ina zana hanyar sama da ta ƙasa da alli, su haddace jimlar da Turanci, su rubuta a jarrabawa, su manta. Bara na samu wata yarinya da ba haka take ba. Tun kafin in kai ga zancen akwati ta ɗaga hannu ta tambaya me ya sa ba za a sauke hanyar ƙasa har ta taɓa layin kwance ba, a cinye zafin duka. Na yi shekaru ina jiran wannan tambaya. Na riƙa ba ta littattafaina tana tafiya da su gida. Wata rana bayan an tashi ta tsaya har kowa ya fita, ta zo gaban teburina ta ce, "Malama, in na iya wannan sosai, a ina zan yi aiki da shi a garin nan?"

Na bi unguwannin masana'antu ɗaya bayan ɗaya a raina, na tuna ƙofofinsu da ciyawar da ta fito a bakinsu. Na ce mata ban san ko'ina ba, sai dai ta zama malama kamar ni, ta koya wa wasu. Ta gyaɗa kai, ta yi godiya. Da aka dawo hutu ta kawo mini takardar komawa ajin kasuwanci, wadda sai malamar aji ta sa hannu. Ta tsaya tana kallona, ina jin tana jiran in ce ta sake tunani. Ni ma na yi tunanin, tun ranar da ta tambaye ni nake yi, ban samo abin da zan faɗa mata ba. Na karɓi biron da ke hannunta na sa hannu.